Tsohon batir da haƙƙin ƙasar da muke zaune a kanta



Tambayar wannan makon ta 'yan kasuwa ce, amma ba gidan da ba ta shafa ba. Mutum ne yana sayen tsofaffin batiran mota da na sola. Kayan ba na sata ba ne, sikelinsa daidai yake, yana biya lakadan, ba ya riƙe wa yaran da ke kawo masa kaya ko sisi. Idan ya tara, babban dila ya zo da mota ya kwashe, a kai wa masu narkarwa. Daga can hayaƙi da ƙura da toka su sauka a gonar wani, da rijiyar wani, da jikin ɗan wani wanda shi bai taɓa gani ba. Shin akwai haƙƙi a wuyan wannan ɗan kasuwa, ko kuwa haƙƙin ya tsaya a ƙofar masana'anta? Ba fatawa za mu bayar ba, wannan aikin malamai ne. Namu shi ne mu baje maganar a faifai, don duk wanda zai je wurin malam ya je da cikakkiyar tambaya. Sau da yawa rabin tambaya ake kai musu, a dawo da rabin amsa ana murna.

Mu fara da sanin abin da ake ɗorawa a kura. A bakinmu kalmar dalma tana da faɗi, har tukunyar da ake zubawa da gorar ruwa wasu dalma suke ce musu. Wadda ake nufi a nan ita ce mai nauyin nan, mai ruwan toka, mai laushi, wadda masunta ke ɗaurawa a bakin birgi don ya nutse. Fiye da rabin nauyin batirin mota ita ce. Sauran roba ce da ruwan batir, wanda kowa ya san yana cin riga, yana cin fata. Saboda dalmar ake sayen mataccen batir da tsada, don ana narka ta a sake yin sabo da ita, sau nawa aka ga dama.

Mafi yawan abin da ake tarawa a Legas da kewaye yana ƙarewa ne a wurare irin su Ogijo, garin nan da ke kan hanyar Ikorodu zuwa Shagamu, a jihar Ogun. Wanda ya saba bin hanyar ya san tirelolin ƙarafa da ke jere a gefen titi, ya san baƙin hayaƙin da ke kwanciya a kan gari da daddare. A watan Nuwamba na 2025 jaridar New York Times ta Amurka, tare da wata kafar bincike mai suna The Examination, suka fitar da rahoto a kan garin. An auna jinin mutum 70, aka samu bakwai cikin kowane goma suna ɗauke da dalma a matakin da ke cutarwa. Ma'aikatan masana'antun da aka auna kuwa, babu wanda ya tsira. An kuma bi sawun dalmar da ake narkawa aka ga wani kaso nata jirgin ruwa yake hawa zuwa Amurka, a yi batiran sababbin motoci da ita. Bayan rahoton hukuma ta rufe wasu daga cikin masana'antun.

To amma rufe ƙofa yana kashe wutar tanderu ne kawai. Abin da ya riga ya sauka a ƙasa yana nan, kuma a kansa muke so mu ɗan daɗe, don shi ne mutane ba su cika ganewa ba.

Kashin shanu yana ruɓewa ya zama taki. Itace yana ruɓewa. Ko ledar da muke kuka da ita, rana tana cinta a hankali. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta ƙarar da ita, ruwan sama ba ya wanke ta ta ɓace, sai dai ya matsar da ita daga wurin wani zuwa wurin wani. Idan ƙurarta ta sauka, ba ta nutsewa can ƙasa inda ba ruwan kowa. Tana maƙalewa ne a sama-sama, abin da bai wuce taƙi guda ba, daidai inda fartanya take kaiwa, inda saiwar alayyafo take, inda kaza take tono, inda yaro mai rarrafe yake dafa hannu ya kai baki. A nan za ta zauna shekara ɗari, ko ɗaruruwa, in ba wani ya zo ya kwashe ƙasar ba. Da rani iska ta ɗaga ta ta shigar da ita ɗakuna, da damina ruwa ya kwashe ta zuwa kwata, daga kwata zuwa rafi, ta kwanta a cikin laka, inda tarwada take kiwo.

Ruwan batir kuma yana da nasa aikin. Idan aka tsiyaye shi a ƙasa, ƙasar tana yin tsami, ƙasa mai tsami kuwa tana sakin ƙarafan da ta riƙe, su narke su bi ruwa, saiwa ta sha su cikin sauƙi. Wato wanda ya zubar da ruwan batir ya yi ɓarna biyu: ya zuba dalmar da ke cikin ruwan, ya kuma kwance wadda take ɗaure a wurin tun da.

Ita ƙasa ba matacciyar aba ba ce. Duk manomi ya san bambancin ƙasa mai rai da wadda ta gaji. A cikinta akwai tana, akwai ƙwari, akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ne ke cinye busasshen ganye su mayar da shi abincin shuka. Gubar ƙarfe tana rage su. A dazuzzukan da ke kusa da tsofaffin gidajen narka ƙarfe a Turai da Amurka an ga ganye yana taruwa shekara da shekaru bai ruɓe ba, saboda masu ruɓar da shi sun ƙare. Tanar da ta rayu kuma tana tara gubar a jikinta, kaza ta ci tana, gubar ta fito a ƙwai. Shanu sun fi kowace dabbar gida faɗawa wannan tarko, don saniya ba ta wuce abu ba ta lasa ba, kuma fasasshen batir guda a makiyaya yana iya kashe shanu da dama. Alamunta su ne makanta, da cizon haƙora, da dalala, da dafa kai a bango, da farfaɗiya. Wadda ba ta mutu ba, dalmar tana taruwa a hantarta da ƙodarta. Mahautanmu da masu tsire su lura da wannan, don hanta da ƙoda su ne abin da muke ware wa yara da mai jego da sunan gata.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne shuka ba ta nuna alama da wuri. Alayyafo zai fito kore shar, lalo ya yi kyau, mai saye ya taya yana yabawa. Wani ɓangare na dalmar yana cikin saiwa, wani yana kan ganye a matsayin ƙura. Akwai kuma wata 'yar uwarta da ake kira kadmiyam, wadda ke fita daga gidajen narka wasu ƙarafan, ita shiga take yi cikin shukar kanta, ba wankin da zai fitar da ita. A ƙasar Japan, a lardin Toyama, ruwan kogin Jinzu ya ɗauko ta daga wata mahaƙa ya kai gonakin shinkafa. Mata manoma suka yi ta ci shekaru, ƙodarsu ta lalace, ƙasusuwansu suka yi laushi har tari yana iya karya su. Sunan da aka sa wa cutar ma daga ihun da suke yi ne na ciwo. A 1968 gwamnatin Japan ta amince cewa gubar ce sanadi, amma aikin canza ƙasar gonakin bai kammala ba sai 2012. Ku duba fa, Japan ce, mai kuɗi da injuna, ta shafe shekara arba'in da wani abu.

A Kabwe ta ƙasar Zambiya an rufe mahaƙar dalma da gidan narka ta tun 1994. Har yau tulin tokar yana nan kamar dutse a gefen gari, kuma har yau ana samun yara da dalma mai yawa a jini. Da yawa cikin yaran nan, ko iyayensu ba a haifa ba ranar da aka kashe wutar.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mataki na dalma a jini da za a ce ba ya cutarwa. Jikin yaro yana tsotsar ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba yake tsotsa daga abin da aka haɗiya, ya fi kuma tsotsa idan cikinsa ba komai ko jininsa ya yi ƙaranci. Tana ɓuya a ƙashi da haƙori, idan mace ta yi ciki ta sake fitowa ta shiga jikin ɗan tayi. Idan ta yi yawa, suma ce da mutuwa. Idan ba ta yi yawa ba, ba a ganin komai, sai dai yaro ya taso ba ya riƙe karatu, ga saurin fushi, a yi ta dukansa a makarantar allo da ta boko ana cewa dakiki ne, alhali an sace masa wani abu tun yana rarrafe.

Yanzu mu koma kan ɗan kasuwarmu.

Irin haƙƙin da muka taso muka sani yana da fuska. Ka tauye mudu, ga wanda ka tauye wa a gabanka. Ka sa ruɓaɓɓen goro a ƙasan huhu, gobe mai shi zai dawo ya same ka a rumfa. Ka ci bashi, mai bashi yana da suna da unguwa, ko ya mutu akwai magada. Tarbiyyarmu ta kasuwa kusan duk a kan wannan aka gina ta, kuma tarbiyya ce mai kyau. Wannan haƙƙin kuwa daban yake. Wanda aka cuta ba ya nan lokacin ciniki. Cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru. Hannu dubu ne suka taru suka yi ta, ba wanda zai ce ga ƙwayar ƙurar batirin wane. Wani lokaci ma wanda za a cuta ba a haife shi ba tukuna. Zuciya ba ta jin nauyin irin wannan, shi ya sa mutumin kirki, wanda ba zai iya kwana da naira ɗari ta wani ba, zai iya yin shekara ashirin a cikin wannan sarƙa yana barci lafiya. Rashin jin nauyi dai ba hujja ba ce cewa nauyin babu.

Akwai masu cewa, ai maƙeri ya sayar da wuƙa, in aka yanka mutum da ita ba a kama maƙeri. Maganar tana da ƙarfi, kuma malaman fikihu da kansu sun bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadi daga nesa. Amma ba su wanke mai sanadi gaba ɗaya ba. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a, abin da ya faɗa ciki yana wuyansa ko da yana gida yana barci. A mazhabarmu ta Malikiyya an hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai yi da shi. Sun kuma yi magana a kan hayaƙin gidan burodi da warin majema idan suna cutar da maƙwabta, suka ce a hana. Abin da maganar ke juyawa a kai shi ne sani. Maƙeri bai san wanda zai yi kisa ba cikin masu sayen wuƙa ɗari. Mai batir a yau ya san inda motar dila take zuwa, ya san abin da ke fita daga bututun wurin. Kafin a sani hukunci daban, bayan an sani daban.

Sai dai, don a yi adalci, misalin inabi bai zauna daram ba. Giya ita kanta ce ɓarnar. Narka batir kuwa ba ɓarna ba ne, alheri ne ma, don in ba a narka ba a bola zai ƙare, ya fashe a can, shanu su lasa. Ga shi batira sai ƙaruwa suke yi, kowane shago da gida yana neman sola saboda halin da wutar lantarki take ciki. Dole wani ya tara su, dole wani ya narka. Ɓarnar tana cikin yadda ake yi ne. Akwai hanyar da ake fasa batir da inji a rufaffen wuri, a tara ruwansa a kashe masa kaifi, a tace hayaƙin kafin ya fita, a adana tokar inda ruwa ba ya kai mata, ma'aikaci ya yi wanka ya canza kaya kafin ya tafi gida. Duk wannan kuɗi ne. Wanda bai kashe wannan kuɗin ba, shi ne yake iya taya batir da tsada fiye da wanda ya kashe.

A nan ne maganar ta zo kusa da aljihunmu. Idan dila biyu suka zo, ɗaya ya ɗora wani abu a kan kowane kilo, kowa ya san wanda za a sallama wa. Amma wannan ɗorin daga ina ya fito? Kuɗin matacin hayaƙin da ba a saya ba ne. Kuɗin rufin tokar da ba a yi ba ne. An cire shi daga lafiyar mutanen da ke bayan katangar, an raba, kowa a sarƙar ya sami ɗan abin da ya samu, tun daga mai motar Amurka da ya sayi batir da rahusa har zuwa yaron da ya tura kura. A ganinmu, asalin cinikin ba a taɓa shi ba, amma wannan ɗorin yana da mai shi, kuma mai shi bai yafe ba, don ba a ma tambaye shi ba. Kowa ya ci ladan kuturu, an ce, dole ya yi masa aski.

Ba muna cewa kason kowa ɗaya ba ne. Wanda ya ce yaro mai kura da mai masana'anta laifinsu ɗaya, ya yi zalunci, kuma irin maganar da manya ke so ke nan, don idan laifi ya zama na kowa ya zama ba na kowa ba. A Mombasa ta ƙasar Kenya an yi irin wannan shari'a. An kafa gidan narka batir a unguwar talakawa da ake kira Owino Uhuru a 2007. Wata ma'aikaciyar wurin, Phyllis Omido, ɗanta ya kamu da gubar, ta ajiye aiki ta ja mutanen unguwa har aka rufe wurin a 2014. A 2020 kotu ta yanke a biya su diyyar shilin biliyan 1.3, ta kuma raba laifin kaso-kaso. Kaso mafi girma ta ɗora wa hukumar kula da muhalli da ta bari aka yi, sannan kamfanin, sannan wasu ma'aikatun gwamnati, har wanda ya ba da hayar filin sai da ya sami ɗan nasa. Wannan rabon ya yi daidai da hankali. Mu ma a nan akwai hukumar NESREA, akwai kuma dokar kula da batira da aka fitar a 2024. Babban kaso yana kan mai tanderu da wanda aka ba amanar sa masa ido. Amma ɗan ƙaramin kaso ma kaso ne, kuma shi za a tambayi mai shi, ba na wani ba.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar dogon lissafin sarƙa, don da hannu ake yin sa. Tsiyaye ruwan batir a kwata don dila ba ya sayen nauyin ruwa. Fasa batir da adda a bayan shago don a ware dalma a sayar daban. Jibge batira a tsakar gida ko a ɗakin da yara ke kwana don tsoron ɓarayi. Komawa gida da kayan aiki a jiki, a ɗauki yaro, uwargida ta wanke su tare da kayan jariri. Nan babu maganar sanadi, mutum shi ne mai tanderun kansa. A wata unguwa da ke Thiaroye, a bayan birnin Dakar na Sanagal, an daɗe ana fasa batira. Da farashin dalma ya tashi sai mutane, yawanci mata, suka shiga tankaɗe yashin wurin suna tsince ɓurɓushinta, suna ajiye buhunan a cikin gida. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 yara 18 suka rasu. Ba wani kamfani a tsakani, iyaye ne masu neman na cefane.

Sai magana ta biyu, wadda ba a cika faɗinta da ƙarfi ba amma tana cikin zukata: mu baƙi ne. Nema ya kawo mu, in mun samu gida za mu koma, gonarmu tana can, ina ruwanmu da ƙasar wasu? Su da suke da gari su yi faɗan mana.

Wannan maganar ba ta tsaya ba ko ta fuskar lissafi. Kakanninmu sun zo Shagamu da Agege da Ibadan fataucin goro da shanu tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Mutum nawa ne suka zo da niyyar shekara biyu, yau jikokinsu suna jin Yarbanci fiye da Hausa? Maƙabartarmu tana nan. Yaranmu a wannan ƙasar suke rarrafe, ruwan wannan ƙasar suke sha. Masu lambun da ke noma ganye a gefen tituna da bakin rafuka a Legas, da yawansu 'yan uwanmu ne. Shanun da ke kiwo a dajin Ogun kafin a kai su kara, namu ne. Ƙura ba ta tambayar yare.

Gidan da ake cewa za a koma ma, ya riga ya ɗanɗana. A 2010 likitocin MSF suka tarar da yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Can ba narkarwa ba ce, daka dutsen zinare ne a cikin gidaje, dutsen kuma cike da dalma. Fiye da yara 400 suka rasu. A wasu wuraren an auna ƙasa aka samu dalma sama da kashi 100,000 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ta daɗe tana amfani da shi ga wurin wasan yara 400 ne. Kafin mutane su farga, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Maganin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gida-gida, a kai ta rami a binne, a zubo sabuwa, kuma Bagega ba ta sami nata ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutanen da suka binne yara 400 saboda dalma, bai kamata a ce sai an yi musu dogon bayani a kan kukan uwa a Ogijo ba.

Amma ko da a ce gobe za mu tafi duka, ba mu bar kowa ba, hujjar tana juyewa ne a kan mai ita. Kasancewarka baƙo ƙara maka nauyi yake yi. Abin aro an fi kula da shi fiye da na kai, don naka in ka ɓata kai ka sani, na aro kuwa sai ka haɗa ido da mai shi. An ce baƙo raɓa ne. To raɓa in ta tashi ba ta barin tabo a ganye. Wasu za su ƙara da cewa akwai hatsari in masu gari suka wayi gari suna cewa Hausawa ne ke zuba musu guba a kwata, kuma gaskiya ne, waɗanda suka ga 1999 a Shagamu sun san yadda ƙaramar magana take zama gobara. Amma ba ma so tsoro ya zama dalilin. Wanda ya bar ɓarna don tsoro, ranar da ya ga ba mai ganinsa zai koma.

Su kuma tana da agwagwa da saniya da tarwada, ba su da kotu, ba su da ɗan jarida. An hana mu ɗora wa jaki abin da ya fi ƙarfinsa, an hana mu wasa wuƙa a gaban dabba, an hana mu ɓata ruwan da ake sha da inuwar da ake hutawa. Da wuya a ce wanda ya hana waɗannan ya yarda a kashe fili guda da duk abin da ke cikinsa har tsawon zamanin jikokin jikoki.

Magana mafi nauyi ita ce ta talauci, kuma ba mu da amsar da za ta gamsar da kowa. Yaron da ya baro ƙauye saboda 'yan bindiga, ya zo ya sami kura haya, in ka ce masa ya bar batir, ka cire masa kaya mafi tsoka a yininsa. Ma'aikacin da aka rufe wa masana'anta, ranar ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Wanda ya ƙoshi yana da saurin yi wa mai yunwa wa'azi. Shi ya sa muke ganin maganar ba ta kan yaran take ba, tana kan iyayen gidansu, masu sikeli da fili da jari. Su ne ke iya cewa ba sa sayen batirin da aka tsiyaye, sai da ruwansa, a tsaye, ba a fasa ba. Su ne ke iya zuba siminti da rufi inda ake ajiya, nesa da ɗakin kwana da wurin mai abinci. Su ne ke iya ajiye ruwa da sabulu da kayan canzawa. Su ne kuma, in sun haɗa kai, za su iya tambayar dila ina yake kai kaya, don dila ɗaya ba ya jin tsoron mutum ɗaya, amma yana jin tsoron kasuwa guda. Kuma a daina cewa madara tana wanke dalma, ba ta wankewa. Tafasa ruwa ma ba ya fitar da ita. Wanda yake wannan sana'a, ko yake zaune kusa da inda ake narkarwa, ya nemi a auna jinin yaransa a asibiti, kada ya jira alama.

Tambayar da muka ga ta fi kowace tsauri ita ce ta mai lambu. Ya karɓi hayar fili kusa da masana'anta, ya zuba jarinsa, ganye ya yi kyau, sai ya ji wannan bayani. In ya sayar ya yi shiru, ya ɓoye aibi, aibin da mai saye ba zai taɓa ganowa ba. In ya faɗa, ba mai saye. In ya bar filin, wa zai biya shi, alhali shi ma cutarsa aka yi? Wannan ita za mu miƙa wa Malam Liman a rubuce, tare da tambayar ko akwai abin da asusun taimakon masallaci zai iya yi wa irin wannan mutum ya koma wani filin.

Batiran da ke riƙe da lasifika da fankokin masallacin nan ma wata rana za su mutu. Kwamiti ya tsayar cewa ranar da suka mutu za a sayar da su da ruwansu, ba a fasa ba, kuma sai an san inda za a kai su, ko da kuɗin bai kai na wani dilan ba. Ma'aji ya ce a rubuta cewa ya yarda amma ransa bai so ba, mun rubuta. Ana gayyatar shugabannin 'yan gwangwan, da sarkin fawa, da wakilan masu lambu zuwa zama ranar Lahadi bayan sallar Isha'i. Wanda ya san dilan da ke karɓar batir da ruwansa, ya zo da bayaninsa.

Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci